A bayyana yawan ruwan da cibiyoyin adana bayanai za su sha kafin a ba su izini

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi kan ruwan da cibiyoyin adana bayanan intanet ke sha, ganin yadda ake ta gina su a Legas, ana kuma maganar faɗaɗa su saboda ƙirƙirarriyar basira.

Cibiyar adana bayanai gini ne da aka jera dubban kwamfutoci a ciki, suna aiki dare da rana suna fitar da zafi, kuma idan ba a sanyaya su ba sai su lalace. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce a bar ruwa ya kwashe zafin ya tashi a matsayin tururi, wanda ke nufin mafi yawansa ba ya komawa inda aka ɗebo shi. Galibi ruwa mai tsabta ake so, domin mai gishiri yana cinye bututu.

Abin da ya faru a ƙasar Uruguwe da ke Kudancin Amurka ya isa a yi nazari. A 2023 fari ya kusa ƙafar da madatsar Paso Severino, wadda ke samar da ruwan sha ga Montebidiyo, babban birnin ƙasar, har hukuma ta riƙa gauraya ruwan famfon birnin da ruwa mai gishiri, mutane suka koma sayen na gora. A daidai wannan lokaci ne ake ta muhawara kan cibiyar da Google ke shirin ginawa a yankin Kanelones, wadda tsarinta na farko zai sha lita miliyan 7.6 a kullum. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sai da aka je kotu kafin a fitar da wannan adadi. Bayan jama'a sun yi ca, kamfanin ya koma ga sanyayawa da iska.

Ita ma iskar ba kyauta ba ce, tunda ta fi cin wutar lantarki, mu kuwa an san halin da wutarmu ke ciki. Ba na adawa da waɗannan cibiyoyi, domin bankunanmu da wayoyinmu sun dogara da su. Amma a ƙasar da magidanci ke jiran ɗan garuwa da sassafe domin ya sayi jarka biyu, bai dace a haƙa wa waɗannan cibiyoyi rijiyoyin burtsatse masu zurfi a asirce ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana yawan ruwan da zai sha a kullum, da inda zai ɗebo shi, da tsarin sanyayawar da ya zaɓa, a kuma wallafa wa jama'a tun kafin a aza tubali.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku daga Kano.