A Daina Girgiza Jarirai Cikin Fushi

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin iyaye da masu raino kan wani haɗari da ba a cika maganarsa ba: girgiza jariri da ƙarfi idan kuka ya ƙi ƙarewa.

Jijjiga yaro a goye don lallashi ba laifi. Amma kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Girgizar 'yan daƙiƙoƙi na iya tsinka jijiyoyi, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa da cikin ido, abin ya kai ga makanta, farfaɗiya ko rasa rai. Tun 1971 likita Norman Guthkelch na Ingila ya bayyana haka, mu kuwa yaro na fara taune-taune sai a ce iska ce.

Kukan jariri yakan tsananta wajen wata biyu, sannan ya ragu. In rai ya ɓaci, a kwantar da shi rigingine, a fita a sha iska, ko a miƙa wa kaka. In an riga an girgiza shi, a garzaya asibiti a faɗi gaskiya.

Ma'aikatan awo da ungozomomi su riƙa faɗakar da iyaye mata, har da maza da 'yan raino.

Wata uwa,
Zariya