Ku Haska Mana Finafinan Da Ba A Magana A Cikinsu

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Kowane dare kuna cika mana ido da fassarar finafinan Indiya. Ban ce ku daina ba, ni ma ina kallo. Roƙona ku ware ko da sa'a ɗaya a wata ga finafinan da aka yi tun kafin a iya sa murya a fim.

Na daɗe ina tara irinsu a faifai, musamman waɗanda suka shafi wahalar yara. Wanda na fi ji da shi shi ne Visages d'enfants na darakta Jacques Feyder, wanda ya fito a 1925, an ɗauke shi a tsaunukan Siwizalan. Yaro ne uwarsa ta rasu, uban ya auro bazawara, ta tare da agolarta. Matar uban nan ba muguwa ba ce, yaron ne baƙin ciki ya cinye. Ya jefar da 'yartsanar agolar a hanya, dare ya yi ya zuga ta ta fita nema cikin dusar ƙanƙara. Da laifin ya dame shi ya faɗa kogi, kuma matar da ya ƙi jini ita ta tsamo shi.

Na kunna wa mahaifiyata shi. Ba ta karanta rubutun da ke giftawa tsakanin hotuna, amma tun ana bin gawa ta ajiye tsintar shinkafarta, ta ce, "Wannan yaro maraici ne ke cinsa, a bi shi a hankali." Ban fassara mata ko kalma ɗaya ba.

Samun irin waɗannan sai da wahala. Zaren fim na wancan zamani yana ruɓewa, ga saurin kama wuta. Binciken Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun salwanta. Oliver Twist na 1922, wanda wani yaro ɗan wasa mai suna Jackie Coogan ya fito a ciki, an fidda rai da shi, sai daga baya aka tsinci kwafinsa a Yugoslabiya.

Aikin da ke gabanku kaɗan ne: ku mayar da 'yan rubuce-rubucen nan na tsakanin hotuna Hausa, ku bar fuskokin yaran yadda suke. Don Allah kada ku ɗora musu muryar mai barkwanci. Idan kwafi ne matsalar, faifaina suna nan, aro zan ba ku.

Naku,
Mai kallonku daga Zariya