A bai wa ƙaramin ma'aikaci hanyar faɗin dabararsa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan bitocin koyar da ƙirƙira da ma'aikatu da kamfanoni ke kashe wa kuɗi. A kama ɗakin taro a otal kwana biyu, a ci a sha, a raba takardar shaida, ranar Litinin kowa ya koma gidan jiya. Basira kam akwai ta. Duk wanda ya ga yadda maƙeran Panteka a Kaduna ke haɗa injin niƙa daga tarkacen ƙarfe ba zai yi musu ba. Abin da babu shi ne hanyar da dabarar ƙaramin ma'aikaci za ta bi ta isa ga mai yanke hukunci, ta dawo masa da amsa.

Mu fara da zaman taro. Tarbiyyarmu ta hana yaro tsoma baki a gaban babba, shi ya sa da oga ya faɗi ra'ayinsa sai ka ji "haka ne, yallaɓai" ta ko'ina, taro ya tashi da dabara ɗaya tak. Maganin wannan rubutu ne. Wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da tsarin da ake kira 6-3-5 a 1968: mutum 6 su zauna, kowa da takardarsa, ya rubuta dabara 3 cikin minti 5, ya miƙa wa na damansa, shi kuma ya karanta ya ɗora nasa uku a ƙasa. Zagaye 6, minti 30, an tara dabaru 108 in kowa ya cike gurbinsa. Akasarinsu ƙaiƙayi ne, amma biyar masu kyau sun biya rabin awar. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Abu biyu ke ɓata wannan zama: tambaya mai faɗi irin "yaya za mu ci gaba?", da fara sukar dabara tun ana rubutu. Tambayar ta zama ƙarama mai awo, misali "yaya za mu rage jiran kwastoma daga minti 40 zuwa 20?"

Sai bin diddigin matsala. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya saba wa ma'aikatansa da tambayar "me ya sa?" har sau biyar. A ɗauki injin casar shinkafa irin na garin Kura a jihar Kano, wanda ya fara fitar da karyayyar shinkafa fiye da kima. Me ya sa take karyewa? Shansherar ta bushe ƙarau, alhali danshin da ya dace da casa wajen kashi 14 cikin 100 ne. Me ya sa ta bushe haka? Ta wuni a filin shanya har la'asar. Me ya sa ba a kwashe da wuri ba? Masu kwasar su ne masu lodin mota, kuma motoci da rana suke zuwa. Me ya sa babu wanda ya lura? Da haƙori ake gwada bushewa, babu na'urar awon danshi. Tun ba a kai tambaya ta biyar ba an gano gyaran: na'ura ɗaya da sauya lokacin lodi. Da ba a bi diddigin nan ba, da an canja robar injin ko an sallami mai tuƙa shi, shinkafa kuma ta ci gaba da karyewa. Nan ne ake yawan tuntuɓe: da "me ya sa" ta rikiɗe ta koma "wa ya yi", kowa zai kama bakinsa.

Dabarar da aka zaɓa a gwada ta ƙarama, canji ɗaya a lokaci ɗaya. Buhu 10 ta tsohuwar hanya, buhu 10 ta sabuwa, a tankaɗe, a auna karyayyar a sikeli, a rubuta a littafi da kwanan wata. In an canja abu uku tare, ba a san wanne ya yi aiki ba.

Akwatin shawara kuwa, Toyota ta fara nata tsarin tun 1951 kuma yana nan. Namu sai ka tarar da shi da tsatsa a bakin ƙofa, makullin ya ɓace. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin buɗe shi duk Alhamis, a ba da amsa cikin kwana 7, ko da "a'a" ce, tare da dalili. Dabarar da aka karɓa a liƙa ta a allon sanarwa da sunan mai ita, a haɗa masa da ɗan tukuici a albashin watan. Shugaban sashen da ya kai dabarar yaronsa gaban manya da sunan kansa ya rufe bakin sashen gaba ɗaya, don haka takardar shawara ta kasance kwafi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a aljihun wanda ya rubuta.

Naka,
Mai horar da ma'aikata, Kano