Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Eya Mashal Sadique Baba Abubakar (Mai Ritaya)

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ba maganar siyasa ce ta kawo ni ba. Zaɓen gwamnan Bauchi na 2023 da ka tsaya takara ya wuce, kowa ya san yadda ta kaya. Roƙo na zo yi: ka zauna ka rubuta mana tarihin aikinka na soja, kuma ka rubuta shi da Hausa.

An haife ka a Azare a 1960, ka shiga rundunar sojin sama a 1979, ka zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu, har Shugaba Buhari ya naɗa ka Babban Hafsan Sojin Sama a Yulin 2015, kujerar da ka riƙe zuwa Janairun 2021. Yaran Katagum da Misau da Jama'are sun san hotonka na jikin fosta, amma ba su san hanyar da ka bi ba. Da yawansu sun yi amanna cewa shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, sai mai uwa a gindin murhu. Faɗa musu darussan da ake buƙata, da yadda ake gwajin ido da lafiyar jiki, da abin da ɗalibi ke fuskanta a makarantar koyon tuƙi ta Kaduna kafin a bar shi ya tashi da jirgi shi kaɗai. A zamaninka ne, a Oktoban 2019, aka liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fukafukan matuƙan jiragen yaƙi. Ina so 'yarmu ta Bauchi ta ji wannan daga bakinka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato kafa hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojin sama a garin Bauchi. Me ya sa nan? Masu suka sun ce son gida ne. Ni a ganina duk wanda ya dubi taswira ya ga inda Bauchi take tsakanin Borno da Filato da Kaduna zai gane hikimar, amma gara mu ji hujjar daga wanda ya yanke shawara.

Sai dai, yallaɓai, littafin da ya tsaya kan nasara kaɗai ba shi muke nema ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin rundunarka ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge. Mutanen da suka tsere wa Boko Haram suka mutu a hannun masu kare su, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Binciken hedikwatar tsaro ya ɗora laifin kan rashin sanya alamar wurin yadda ya kamata. Wannan bayani bai ishe mu ba. Wa ke tantance bayanan sirri kafin matuƙi ya saki bam? Me aka gyara bayan nan? Tambayar ba ta tsufa ba, domin har yanzu ana samun irin wannan kuskure a ƙauyukan Arewa.

Rann ɗin ce ma ta sa Amurka ta jinkirta sayar mana da jiragen Super Tucano guda 12, sai da gwamnatin Trump ta amince, aka biya dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur, majalisa ta yi ta ƙorafin ba a nemi izininta ba tukuna. Jiragen ba su fara isowa ba sai Yulin 2021, ka riga ka tuɓe kaki. Wannan babi ma kai ne za ka iya warware shi.

In zaman rubutu ya yi maka nauyi, malaman Hausa a jami'o'inmu ba su ƙare ba. Ka yi magana, su naɗa, su rubuta, a kai makarantun sakandaren jihar.

Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Wani malamin sakandare, Azare.