Wasiƙa zuwa ga Habibu a kan wayar hedifon

Assalamu alaikum, Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa kana shirin sayen kebul, wato wayar hedifon mai layi huɗu, wadda masu kayan sauti ke kira balans, don hedifon ɗinka Sennheiser HD 600. Ka saya, amma ka fara sanin abin da kuɗinka zai sayo maka.

Wayar da muka saba da ita, mai kai milimita 3.5, layi uku gare ta: na kunnen hagu, na dama, da layin dawowa guda ɗaya da suke tarayya a kai. A mai layi huɗu kuwa, kowane kunne yana da layin tafiya da na dawowa nasa. Amfilifaya tana tura wuta ta ɗaya, tana ja ta ɗayan a lokaci guda, sai ƙarfin turin lantarkin, wato boltej, ya ninka biyu. A lissafi, ƙarfin da ke isa kunne zai iya ninkawa har huɗu. Hedifon ɗinka om 300 ne a ma'aunin turjiya ga lantarki, yana son wuta, shi ya sa ƙaramar amfilifayarka take kasa cika shi. A nan ne wayar za ta yi maka rana, tunda kowane kunne na HD 600 da mahaɗinsa, cirewa kawai za ka yi ka sa sabuwa.

Masu cewa tana kashe gurnani, gaskiyarsu tana ga makirufo. Ka san doguwar wayar XLR da ake ja daga wajen liman zuwa amfilifayar masallaci. A irin wannan tsawon ne take kwasar hayaniyar lantarki, kuma tsarin balans ke soke ta. Wayar hedifon ba ta wuce mita biyu ko uku ba. Idan kuma ƙaramin iyafis ne mai saurin ɗaukar sauti, ƙarin wutar sai ta jawo maka shuu a kunne, ga cin batir.

Wajen kai, ka zaɓi milimita 4.4 idan na'urarka tana da raminsa. Sony ta fara sa shi a kayanta a 2016, ya fi mai 2.5 ƙwari nesa ba kusa ba, don wancan siriri ne, yana karyewa a aljihu.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan, don Allah ka kiyaye. Kada ka sayi adafta ka cusa tsohuwar wayarka mai layi uku a ramin balans. Za ta haɗe layukan dawowa biyun da bai kamata su taɓa juna ba, amfilifayar tana iya ƙonewa. Akasin haka babu laifi: wayar balans tana shiga ramin da aka saba ta hanyar adafta lafiya lau.

Ka turo mini sunan amfilifayar kafin ka biya, in duba ko ramin nata yana ƙara wutar da gaske. Ka gai da Hajiya da yara.

Naka,
Lawal