Wasiƙa daga Kerman

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan'uwa. A wasiƙarka ta baya ka nemi in riƙa ba ka labarin gidajen tarihin ƙasar nan ta Iran, tunda kai ne mai kai ɗalibai Gidan Makama kowace shekara. To ga labarin wanda ya fi tsaya mini a rai, wato gidan adana al'adun gargajiya da ke cikin tsohon gidan wanka na Ganjali Khan, a birnin Kerman.

Kerman tana kudu maso gabashin Iran, ba nisa da hamadar Lut, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa da tsananin sanyi lokacin hunturu. Ganjali Khan Bakurde ne, wanda Sha Abbas na Ɗaya, sarkin daular Safawiyya, ya naɗa gwamnan yankin a 1596, ya kuma riƙe shi kusan shekara 30. A zamaninsa ne aka gina babban filin da ke tsakiyar kasuwa, aka kewaye shi da masaukin fatake da masallaci da gidan buga kuɗi da ma'ajiyar ruwan sha, da kuma wannan gidan wanka. A 1971 aka mayar da gidan wankan wurin adana al'adu, daga baya aka zuba masa mutum-mutumi na kakin zuma waɗanda aka ƙera a Jami'ar Tehran.

Abin da nake so ka gane, Malam, shi ne ginin da kansa ya fi kayan da aka ajiye a cikinsa koyarwa. Daga cikin kasuwa ake shiga, ta wata ƙofa mai zane-zanen tsofaffin labaran Farisa, sai a bi wani siririn lungu mai lanƙwasa ana gangarawa. An gina gidan ƙasa da matakin kasuwa ne domin ruwan da ke zuwa ta magudanar ƙarƙashin ƙasa daga gindin duwatsu ya shigo da kansa, kuma ƙasa ta riƙe ɗumi. Lanƙwasar lungun ma da dalilinta, domin tana tare iskar waje, tana kuma hana mai wucewa hango wanda ya tuɓe. Daga nan sai babban zauren tuɓe kaya, mai ƙubba da tayil masu launi da kwarmin ruwa a tsakiya, kewaye da dakalai. A kan dakalan ne aka zaunar da mutum-mutumin, kowane rukuni da gurbinsa: malamai a nan, sharifai a can, ga attajirai, ga masu sarauta, ga talakawa masu sana'a. Duk ruwa ɗaya za su shiga, amma wajen ajiye tufafi kowa ya san matsayinsa, kuma na yaba wa masu gidan da ba su ɓoye wannan bambanci ba.

Wani lungun kuma shi ke kai mutum ɗakin zafi, don jiki ya saba da ɗumi sannu a hankali, haka ma wajen fitowa. Wutar da ake hurawa a bayan gini ita ke dafa ruwan babban kwarmin wanka, hayaƙinta kuma ya bi ta ƙananan ramuka a ƙarƙashin daɓe ya ɗumama shi kafin ya fita. Haske daga sama yake saukowa, ta gilasan da aka dasa a cikin ƙubbobi. A wannan sashe akwai wani faifan dutsen marmara da aka kafa a bango, wanda hasken rana ke ratsawa, sai launinsa ya riƙa sauyawa daga safiya zuwa yamma, masu wanka su kintaci lokaci ba tare da sun leƙa waje ba.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne gaban mutum-mutumin ma'aikacin da suke kira dallak. An nuna shi ɗaure da jan gyauto a ƙugu, ya durƙusa kan wani mutum da ke kwance, ya zura hannu cikin wata ƙaramar jakar saƙa mai kaushi yana cuɗa masa baya. A wani gefen ana yi wa wani aski, a wani kuma ana yi wa wani ƙaho a gadon baya. Wanzamin garinmu kawai na tuna, domin aikin kusan ɗaya ne, har da cire haƙori a da. A cikin akwatunan gilashi an jera aska da mataji da tasoshin tagulla da dutsen goge kaushi da kwanon kwaɓa lalle, kuma da garin ganyen magarya suke wanke kai kamar yadda iyayenmu suka sani. Da a wani sabon bene aka jera waɗannan kaya, da tarkace kawai mutum zai gani. A nan kuwa kana ganin dakalin da ake zama, da kwarmin da ake ɗibar ruwa, da hannun da ke riƙe askar, sai kayan su bayyana amfaninsu ba sai an karanta maka allo ba. Wannan ne ya sa nake ganin dabarar ta yi kyau ƙwarai, ga shi kuma ta ɗaukaka mai aikin hannu, wanda littattafan tarihin sarakuna ba su cika ambatonsa ba.

Sai dai akwai abin da ya rage mini daɗi. Rayuwar maza ce ta cika wurin, alhali a Iran ta da gidan wanka babbar matattarar mata ce, suna da lokacinsu dabam da na maza. A can ake kai amarya wanka da ƙunshi kafin biki, a can ake kai mai jego bayan haihuwa, a can ma uwa kan duba wa ɗanta matar aure. Wannan rabin tarihin ya cancanci fili fiye da wanda aka ba shi.

Irin waɗannan gidaje sun fara ja da baya ne tun zamanin Reza Sha, wanda ya yi mulki daga 1925 zuwa 1941, lokacin da hukuma ta hana shiga kwarmin ruwa na tarayya saboda kiwon lafiya, sannan ruwan famfo ya shiga gidaje ya ƙarasa su. Da yawa sun rushe. Wasu sun tsira ta zama gidajen tarihi, kamar na Wakil a Shiraz da na Ƙajar a Ƙazwin, wani kuma a nan cikin kasuwar Kerman gidan shayi aka mayar da shi.

Na ɗauki hotunan zauren da na dallak ɗin, zan turo maka su ta WhatsApp don ka nuna wa ɗalibanka kafin ku je Gidan Makama bana. Ka tambaye su wace sana'a ce a Kano suke ganin ta cancanci a adana ta a inda ake yin ta, ka kuma rubuto mini amsarsu. Ka gaishe mini da Hajiya da yara da dukan abokanmu na majalisa.

Wassalam.

Naka amini,
Lawal