Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Muhalli kan Magunan Titi da Zafin Bazara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san teburinka cike yake da manyan matsaloli, daga bolar da ta toshe magudanai zuwa hayaƙi da sare itatuwa, kuma wanda ya kawo zancen mage a tsakiyar waɗannan ba zai rasa masu yi masa dariya ba. A yi dariyar, amma a saurare ni. Magunan da ba su da gida suna zaune ne a wuraren da ke hannun hukuma: juji, kasuwa, tasha, bayan asibiti, harabar makaranta. Ga shi bazara ta kawo jiki.

Jama'a da yawa sun ɗauka zafi bai dami mage ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Asalinta kyanwar daji ce ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙodarta kuma gwanar tattalin ruwa ce. Sai dai wannan gadon shi ne ke cutar da ita a birni, domin ba ta jin ƙishirwa da wuri. A daji, ruwan da take buƙata yana cikin abin da ta kama. Jikin ɓera kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Magen titi kuwa busassun tarkacen juji take ci, sai jikinta ya yi ta bushewa ba ta ankara ba. Ba ta da hanyar yin gumi sai ta tafin ƙafa. Abin da ya rage mata shi ne ta lashe gashinta yawun ya sanyaya ta, yawun nan kuma daga ɗan ruwan jikinta yake fitowa. Zafin jikin lafiyayyiyar mage tsakanin digiri 38 ne da 39. Da ya haura 40, an shiga haɗari. Kare kan yi haki ya zaro harshe, wannan ɗabi'arsa ce. Amma duk wanda ya ga mage ta buɗe baki tana haki, tana dalalar da yawu, tana tangaɗi, to ya san abin ya kai maƙura.

Birni kuma ƙara mata wuta yake yi. Kwalta da tsakar rana kan haura digiri 60, siminti da rufin kwano suna riƙe zafi har dare, inuwar da za ta fake a ciki an sare. Shi ya sa take shigewa ƙarƙashin mota, ko cikin injin, ko ɗakin ajiya da za a kulle a kanta ba a sani ba. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya, don haka ba matsalar da za ta wuce da kanta ba ce.

Roƙona na farko ruwa ne. Mage mai nauyin kilo 4 kusan rubu'in lita ya ishe ta a yini. Masu sharar hukumarka suna bin waɗannan wurare kowace safiya. Abin da ake nema a ƙara musu shi ne kasko mai faɗi da ɗan zurfi, a ajiye shi a inuwa, nesa da titi. Na ƙasa ya fi, domin na ƙarfe kan dafa ruwan in rana ta same shi. Na san abin da jami'an lafiya za su ce: sauro. Suna da gaskiya, kuma bai kamata a raina maganarsu ba. Sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin denge yana son ruwan da ke kwance a mazubi, yana manna ƙwansa a jikin bangon mazubin, ƙwan kuma kan jure bushewa na watanni. Amma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sai an yi kwana 7 zuwa 10. Idan ana zubar da ruwan kullum ana goge cikin kaskon kafin a sake cikawa, ba zai samu sarari ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake kawo maganar gabanka maimakon in bar ta a hannun masu tausayi kaɗai. Mai tausayi ya ajiye yau, gobe ya yi tafiya. Kaskon da aka manta da shi gara a ce ba a ajiye ba. Kowane kasko ya zama akwai wanda za a tambaya a kansa. A Istanbul ta Turkiyya, kwanon ruwa a ƙofar shago da bakin titi ya zama ruwan dare, kuma hukumomin birnin suna cikin aikin.

Akwai masu cewa in an ba su ruwa za su ƙara yawa, gara a zuba musu guba kowa ya huta. Ranka ya daɗe, ƙishirwa ba ta rage maguna, sai dai ta koro su cikin gidaje da rumfuna suna neman abin sha. Guba kuwa ba ta zaɓe: ta kashe magen maƙwabci, ta kashe kare, ta kashe tsuntsun da ya ci mushen, ga yara masu tsince-tsince. Kuma muddin jujin yana nan, wasu magunan za su zo su gaji wurin. A dubi tsibirin Marion na Afirka ta Kudu. A 1949 aka kai maguna 5 don su kama ɓeraye. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, suna ta cinye tsuntsayen teku. Sai a 1991 aka iya gamawa da su, bayan an haɗa da cuta da bindiga da tarko da guba, a tsibirin da babu wata mage da ke shigowa daga waje. Ina ga birnin da ko'ina ƙofa ce?

Labarin nan ya kuma nuna cewa ɓarnarsu gaskiya ce, ba kyanwar Lami ba ce kowace mage. Matsalar haihuwa ce. Mage kan ɗauki ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin nata kwana 63 zuwa 65 yake yi, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan magunan titi kan mutu ko su ɓace kafin wata 6. Su da uwa mai shayarwa su ne zafi ke fara kayarwa.

Hanyar da ta dace sananniya ce: a kama su da keji, likitan dabbobi ya fiɗiye muzuran ya yi wa matan tiyatar hana haihuwa, a yi musu allurar rigakafin cutar haukan kare, a ɗan yanke tsinin kunne ɗaya don a gane wadda aka yi wa, a mayar da su inda suke. Italiya ta sa wannan a doka tun 1991, ta hana kashe magunan titi haka kawai. Aikin yana tafiya a hankali, kuma sai an yi wa mafi yawan magunan wuri guda kafin a ga raguwa. Yi wa biyar a bar hamsin ɓata kuɗi ne. Allurar kaɗai ma ta isa hujja, domin cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cizon kare ne kusan duka, amma mage ma tana ɗauka. Idan za a yi kamun a bazara, a yi da asuba ko bayan faɗuwar rana, kada a bar keji a rana ko a rufaffiyar mota.

Sauran kuwa sanarwa ce a rediyo. Direba ya bubbuga murfin inji kafin ya tayar da mota. Mai ɗakin ajiya ya leƙa kafin ya sa kwaɗo. Kada a ba babbar mage madara, zawo take sa ta, ruwan jikin ya ƙara tsiyayewa. Kada a ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya kan kashe ta. Wadda zafi ya buge a kai ta inuwa, a jiƙa jikinta da ruwa mai ɗan sanyi ba na ƙanƙara ba, a nemi likitan dabbobi, a kuma rufe hannu da zane mai kauri saboda yakushi.

Tun muna yara muke jin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Malamai da limamai ba za su ƙi taya ka isar da saƙon ba in ka nema.

Ina roƙo ka fara da kasuwanni da tashoshin mota a wannan bazarar, ka ba da umarnin hana zuba guba a wuraren hukuma, ka kuma zauna da sashen kula da lafiyar dabbobi kan batun tiyata da allura kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai kishin muhalli